Wi-Fi daga 1997 zuwa yau: abin da haruffan jikin kwali suke nufi

Duk wanda ya je sayen akwatin Wi-Fi a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko kantunan birnin Yamai, zai tarar da kwalaye jere, kowane ɗauke da waɗansu lambobi da haruffa. Wannan an rubuta masa 802.11n, wancan 802.11ac, na kusa da shi kuma Wi-Fi 6 da manyan baƙaƙe. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne. In aka tambayi mai kanti dalili, amsarsa ba ta wuce cewa mai tsadar ya fi gudu. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. Mutum yana iya zuba jikkuna masu yawa, ya kai sabon akwati gida, ya tarar rezo bai ƙaru da komi ba, har ma ɗakin ƙurya da tsohon akwati yake kai wa cikin sauƙi, sabon gudun ya kasa isa can. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan haruffa sunan wata yarjejeniya ce da injiniyoyi suka ƙulla a wata shekara, kuma kusan kowace yarjejeniya sai da ta bar wani abu kafin ta sami wani.

Masu sauraren rediyo sun riga sun san rabin maganar. Sun san akwai gajeren zango, mita 25 ko mita 31, wanda yake tsallake hamada da teku, sun kuma san FM da ba ta wuce gari da kewayensa. Wi-Fi ma igiyar rediyo ce, sai dai tsawonta bai kai ko kamu ɗaya ba: wajen santimita 12 a zangon gigahaz 2,4, wajen santimita 6 a zangon gigahaz 5. A kowace ƙasa hukuma ce take raba zangunan, ta ba gidajen rediyo nasu, soja nasu, jiragen sama nasu, kamfanonin tarho nasu, galibi da lasisi mai tsada. To, a shekarar 1985 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yi wani abin da ba a saba ba. Ta buɗe zanguna uku, na wajen megahaz 900, da gigahaz 2,4, da gigahaz 5,8, ta ce kowa yana iya aika saƙo a cikinsu ba tare da lasisi ba, muddin ƙarfin na'urarsa bai wuce iyaka ba. Ba kyauta ce mai daraja ba a idon mutanen lokacin. Waɗannan zanguna juji ne na na'urorin masana'antu da na asibiti, a nan ne ma murhun lantarki mai ɗumama abinci da igiyar rediyo yake zubar da hayaniyarsa, a gigahaz 2,45. Cikin wannan jujin aka haifi Wi-Fi.

Filin da babu mai shi kuwa, dole a yi masa ladabin zama. Tun a 1971 wani malamin jami'ar Hawai, Norman Abramson, ya haɗa kwamfutocin tsibiran da rediyo cikin wani tsari mai suna ALOHAnet, inda kowace na'ura take aika saƙonta lokacin da ta ga dama, in ya yi karo da na wata, sai ta dakata ta sake. Wi-Fi ta gaji wannan dabara ta ƙara mata tarbiyya. Abin ya yi kama da zaman zaure: mai son magana ya saurara tukuna, in ya ji shiru ya faɗi tasa, ya jira a amsa masa cewa an ji; in ba a amsa ba, ya san muryarsa ta haɗu da ta wani, sai ya jinkirta ɗan lokacin da ya zaɓa da ka, ya maimaita. Daga nan abubuwa biyu suke fitowa waɗanda har yau suke damun masu amfani. Na farko, yawan mutane yana rage rabon kowa, domin zauren ɗaya ne. Na biyu, tsohuwar na'ura mai nawar magana tana cinye lokacin saura, kamar dattijon da ba a katse shi.

Kamfanin NCR, mai ƙera na'urorin lissafin kuɗi na manyan kantuna, yana cikin na farkon da suka shiga filin. A reshensa na garin Nieuwegein a ƙasar Holand aka ƙera WaveLAN a farkon shekarun 1990, da nufin raba waɗannan na'urori da wayoyin da suke ɗaure su wuri ɗaya. Matsalar ita ce kayan wani kamfani ba su jin yaren na wani. Saboda haka a 1990 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa kwamiti mai lamba 802.11, ta ɗora wani injiniyan NCR ɗin, Vic Hayes, a kan kujerar shugabanci, inda ya yi shekara 10. Sai da aka shekara 7 ana jayayya kafin ƙa'idar farko ta fito a 1997. Gudunta megabit 1 ko 2 ne a sakan guda, kuma don a faranta wa kowane ɓangare, an amince da hanyoyin aikawa har uku waɗanda ba su jituwa da juna, ɗaya ma ba da rediyo ba, da hasken nan marar ganuwa irin na rimot ɗin talabijin. Ba ta yi kasuwa ba.

A 1999 ne hanya ta rabu biyu, kuma wannan rabuwar ita ce har yanzu take jikin kowane akwati. Kwamitin ya fitar da ƙa'idoji biyu a shekara ɗaya. 802.11b ta tsaya a gigahaz 2,4 da gudun megabit 11. 802.11a ta haura gigahaz 5 da gudun megabit 54. A takarda, ta biyun ta ninka ta farkon kusan sau biyar, amma ta farkon ce ta ci kasuwa, domin kayanta sun fi arha, sun riga fitowa, kuma igiyarta ta fi nisa. A watan Yuli na shekarar, Steve Jobs na kamfanin Apple ya tsaya gaban taro a New York da ƙaramar kwamfutar iBook, ya zura ta cikin wani babban zobe tana kan intanet, don mutane su gani da idonsu babu waya a jikinta. Katin da yake yin wannan aiki dala 99 aka sa masa. A shekarar ce kuma kamfanonin suka kafa ƙungiyar da take gwada kaya ta tabbatar suna jin juna, wadda daga 2002 ake kira Wi-Fi Alliance. Sunan Wi-Fi kansa wani kamfanin talla ne, Interbrand, ya ƙirƙira shi don ya yi daɗin faɗi.

Me ya sa gudu da nisa ba su cika zama inuwa ɗaya ba? Gwargwadon gajartar igiya, gwargwadon saurin raunanarta idan ta ratsa bango ko jikin mutum. Gidan ƙasa mai kaurin katanga, irin na tsofaffin unguwannin Damagaram da Tawa, yana shanye gigahaz 5 fiye da yadda yake shanye 2,4. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe kuwa mayar da igiyar suke yi baya kamar madubi. Amma zangon 2,4 ɗan ƙanƙanen fili ne. Ko da yake an raba shi hanyoyi 11 a Amurka, 13 a Turai, 14 a Japan, hanyoyin suna hawa kan juna, uku kawai ne, 1 da 6 da 11, suke iya aiki tare ba tare da sun taka juna ba. Ga Bluetooth a ciki, ga akwatunan maƙwabta. Zangon gigahaz 5 kuwa yalwatacce ne, hanyoyinsa da yawa, hayaniya kaɗan. Wanda yake zaune kusa da akwati ya fi cin ribar 5, wanda yake bayan katanga biyu sai 2,4 ta kai masa.

Akwai kuma matsalar amsa-kuwwa. Cikin ɗaki igiya ba ta bin hanya ɗaya, tana bugun bango da rufi ta iso sau da yawa, wani sashe bayan wani, har saƙon ya cakuɗe in an yi sauri. Maganin da aka samu shi ne a daina tura saƙo da gudu ta bututu ɗaya, a rarraba shi kan ƙananan igiyoyi masu yawa, kowace tana tafiya a hankali, 802.11a ta yi amfani da 52. Wannan dabara ana kiranta OFDM. Masu binciken hukumar kimiyya ta Ostareliya, CSIRO, ƙarƙashin John O'Sullivan, waɗanda suka taso daga aikin sauraren taurari da rediyo, sun sami rajistar mallakar wata hanyar yin haka a Amurka a 1996. Da manyan kamfanoni suka yi amfani da ita ba tare da biya ba, sai aka shiga kotu, aka yi sulhu a 2009 da 2012, hukumar ta karɓi ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Ba 802.11 kaɗai ce ta nemi sarautar ba. Turai ta tsara tata, HiperLAN, wadda masana da dama suka yaba, amma ta mutu babu masaya. Wani gungun kamfanoni a Amurka ya kawo HomeRF, ya watse a 2003. Ƙasar Sin ta so ta tilasta tata ƙa'idar tsaro, WAPI, kan duk kayan da za a sayar a ƙasarta, ta janye wa'adin a 2004 bayan matsin lambar Amurka, kuma hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta ƙi karɓarta a 2006. Ita kuwa Faransa, da farko hanyoyi huɗu kawai ta yarda a yi amfani da su, daga 10 zuwa 13, saboda sojanta suna riƙe da wani sashen zangon. Wanda ya yi nasara a wannan kokawa bai fi saura kyau a takarda ba. Ya fi su arha ne, kuma bai taɓa yar da tsofaffin kayansa ba. Waya ta bana tana iya magana da akwatin da aka saya shekara 20 da suka wuce.

Bayan nan abin ya yi ta hawa. 802.11g ta 2003 ta kawo megabit 54 cikin zangon 2,4, wato ta haɗa gudun a da nisan b. Babban tsalle shi ne 802.11n ta 2009, wadda ta mayar da amsa-kuwwa daga cuta zuwa magani. Tun da igiya tana bin hanyoyi daban-daban cikin ɗaki, sai aka sa eriya biyu, uku ko huɗu a kowane gefe, kowace ta aika saƙo nata dabam a lokaci ɗaya, mai karɓa ya warware su da lissafi. Wannan ne ake kira MIMO, shi ne kuma dalilin ƙahonin da ake gani a kan akwatuna. Iyakarta megabit 600 ce, kuma tana aiki a zangunan biyu. 802.11ac ta 2013 ta faɗaɗa hanya har megahaz 160 maimakon 20 na farko, amma a gigahaz 5 kaɗai take aiki. Ma'ana, wanda ya sayi akwatin ac alhali wayarsa irin masu arhar nan ce da ba su jin komi sai 2,4, to da ƙa'idar 2009 yake aiki ko bai sani ba, domin na'urori biyu kullum da yaren wadda ta fi tsufa suke magana.

Lambobin jikin kwali su ma suna bukatar a karanta su da hankali. Akwatin da aka rubuta wa AC1200 ba ya ba kowa megabit 1200. An tara 300 na zangon 2,4 ne da 867 na zangon 5, aka cike ragowar don lambar ta yi kyau, alhali waya a ɗaya daga cikinsu take zama. Sa'an nan wani babban kaso na lokacin yana tafiya wajen saurare da jira da amsawa, abin da yake isa hannun mutum sau da yawa bai fi rabi ko kashi biyu cikin uku ba. Har ila yau megabit ba ita ce megar da ake saya wajen kamfanin tarho ba. Megar ta ninka megabit sau 8.

Ta fuskar sirri kuwa, tarihin ba abin alfahari ba ne a farkonsa. Saƙon rediyo ba ya tsayawa a bakin ƙofa, duk mai eriya a titi yana iya kama shi, saboda haka aka sa wa ƙa'idar 1997 makulli mai suna WEP. A 2001 masana uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka nuna cewa duk wanda ya tara isasshen saƙo daga iska zai iya gano mabuɗin. A 2007 masu bincike a Darmstadt ta Jamus sun mayar da aikin na ƙasa da minti guda. A shekarar ce kamfanin kantuna na TJX a Amurka ya bayyana cewa an sace bayanan katunan banki sama da miliyan 45, kuma bincike ya danganta shigar ɓarayin da raunin Wi-Fi na waɗansu kantunansa. An yi facin gaggawa da WPA a 2003, aka kawo WPA2 a 2004, wadda ta riƙe shekaru, har Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven ta Beljiyam ya gano mata kafa a 2017. WPA3 ta fito a 2018. Wannan sashe ya fi gudu muhimmanci ga mai sayen tsohon akwati ɗan gwanjo, domin akwatin da bai san komi ba sai WEP ƙofa ce a buɗe, komi tsawon lambar sirrin da aka sa masa, ga shi kuwa yanzu ta waya ake aika kuɗi.

A 2018 Wi-Fi Alliance ta lura haruffan sun rikita mutane, ta koma ƙidaya: n ta zama Wi-Fi 4, ac ta zama Wi-Fi 5, sabuwar 802.11ax ta zama Wi-Fi 6. Wannan ta shidan ta bambanta da na gabanta wajen manufa. Ba ta damu ƙwarai da ƙara wa mutum ɗaya gudu ba, cunkoso ta zo magancewa: akwati yana yanka hanya ɗaya gunduwa-gunduwa ya ba wayoyi da dama a lokaci guda, maimakon kowace ta jira layi. Amfaninta ya fi fitowa a ajin jami'a, ko otel, ko tashar mota, fiye da gidan da wayoyi uku ne a cikinsa. Wi-Fi 7, wadda aka fara tantance kayanta a Janairun 2024, tana iya riƙe zanguna biyu a lokaci guda, tana kuma buɗe hanya mai faɗin megahaz 320.

Irin wannan faɗi babu inda zai shiga sai sabon zango na gigahaz 6, a nan kuma duniya ta sake rabuwa. Amurka ta buɗe megahaz 1200 gaba ɗaya ga Wi-Fi a 2020, abin da zai ɗauki manyan hanyoyi uku. Tarayyar Turai ta buɗe 480 kawai a 2021, wato hanya ɗaya. A taron ƙungiyar sadarwa ta duniya, UIT, da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023, an ware sashen sama na zangon, daga megahaz 6425 zuwa 7125, don amfanin tarhon salula a yanki na ɗaya, wanda ya haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Nijar tana cikin wannan yanki, kuma hukumar ARCEP ce take da ikon cewa wane zango aka yarda da shi a ƙasar. Jayayyar tsohuwa ce: fili a sayar da shi ga kamfani ya killace, ko a bar shi makiyaya ga kowa. 4G da 5G daga gidan killace suka fito, kamfani ya biya lasisi, ya kafa dogayen eriyoyi masu ƙarfi da suke kai kilomitoci, ya karɓi kuɗin kowace mega. Wi-Fi daga makiyaya ta fito, shi ya sa aka daure ƙarfinta, ba ta wuce ƴan mitoci. WiMAX, wadda ta so ta zama Wi-Fi ta gari guda a shekarun 2000, ta sha kaye a hannun 4G.

Abin da ya fi shafar mai saye a Nijar shi ne duk waɗannan ƙa'idoji mitocin ƙarshe kawai suke mulki, tsakanin waya da akwati. Abin da yake bayan akwatin, ko layin 4G ne, ko wayar gilashi, ko faifan tauraron ɗan Adam, shi ne yake yanke yawan ruwan da zai shigo. Babban tulu ba ya ƙara wa rijiya ruwa. In layin da ya shigo gida megabit 10 yake bayarwa, akwatin 2009 ya ishe shi har da ragi. Nijar ba ta da gaɓar teku, manyan wayoyinta na ƙasa ta cikin ƙasashen maƙwabta suke bi kafin su kai ga wayoyin da suke kwance a ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024, huɗu daga cikin waɗannan wayoyi, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da yake daura da Kodebuwa, intanet ta raunana a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har da Benin da Najeriya da Burkina Faso. Ran nan alamar Wi-Fi a cike take a fuskar wayoyi, amma shafi ya ƙi buɗewa.

Bukatar ƙasa mai faɗi, mai ƙauyuka nesa da juna, ta fi karkata ga nisa, wanda shi ne abin da manyan ƙa'idojin suka yi ta bari a baya. Kwamitin 802.11 bai manta da shi ɗungum ba. Akwai reshe mai suna 802.11ah, ko HaLow, da yake aiki ƙasa da gigahaz 1, yana kai wajen kilomita guda da ɗan ƙaramin gudu, an tsara shi don ƙananan na'urorin awo irin na gona da na famfon ruwa, ko da yake bai bazu a kasuwa kamar ƴan'uwansa ba. Ko Wi-Fi ta yau da kullum ma, in aka tattara igiyarta da eriya mai kama da faranti aka saita ta wuri ɗaya, tana yin tafiyar da masu tsara ta ba su yi zato ba. A 2007 wani malami a ƙasar Benezuwela, Ermanno Pietrosemoli, ya haɗa tsaunuka biyu masu tazarar kilomita 382 da irin waɗannan kaya masu arha. Sharaɗin shi ne eriyoyin biyu su riƙa ganin juna babu abin da ya gitta, abin da a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake nufin dogon ƙarfe, ko kan tankin ruwa, da batir da faifan hasken rana a gindinsa.